Yadda muka bi gida-gida muna yi wa mutanen unguwarmu godiya

Mahaifinmu ya rasu cikin sanyin watan Janairun 2024, wajen ƙarfe uku na dare, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ana kiran assalatu muka iso da shi gida Tudun Wada, aka sa jana'iza ƙarfe tara. Ni ne babba a maza, amma har yau ban san wanda ya kai labari maƙabarta ba. Na dai ga baffanmu ya ɗauko kara ya auna tsawon mamacin, ya karya, ya miƙa wa wani yaro. Da muka isa da makara, kabari na nan a haƙe, an jera itace a gefe, an kwaɓa ƙasa, ga ruwa a bokiti. Wani dattijo na tsaye can baya, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya dogara da ƙotar diga. Aka rufe Baba, aka yi addu'a, muka juyo. Ko sannu ban ce wa dattijon nan ba.

Sai bayan sadakar bakwai, da gida ya yi shiru, abin ya fara damuna. Duk wanda ya taɓa sara ƙasar Zariya da rani ya san yadda take, diga na sauka tana tsalle kamar an doki dutse. Mutumin nan ya fito cikin hunturu, mai yiwuwa ko karyawa bai yi ba, ya haƙa wa ubana makwanci, ni kuwa ko fuskarsa ban riƙe ba. Daga tunaninsa na koma kan mai Keke Napep ɗin layinmu, wanda muka buga wa ƙofa ƙarfe ɗaya na dare ranar da jikin Baba ya rikice. Ya kwashe mu ta Kwangila, ya ratsa Samaru har Shika, a lokacin da litar fetur ta haura naira 500 bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Na zaro kuɗi a bakin asibiti, ya ture hannuna ya ce, "Ku ji da mara lafiya, Malam." Akwai kuma wata baiwar Allah da ke jinyar nata mijin a gadon da ke kusa da namu, wadda kullum da daddare sai ta tsiyaya wa Innarmu kunu daga filas ɗinta. Ita kam ko garinsu ban tambaya ba, ta tafi ke nan.

Muna da majalisa a bakin shagon wani tela, inda muke zama bayan sallar Isha'i, mu takwas ne in an cika: malaman makaranta biyu, da telan, da mai gyaran waya, da ma'aikacin jami'a, sauran 'yan kasuwa. Nan na kawo maganar. Na ce ina son mu nemo irin mutanen nan na unguwarmu mu yi musu godiya a bainar jama'a. Kowa ya karɓa, kuma kafin mu tashi har mun tsara yadda za a yi, domin duk mun saba ganin irinsa: a kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, a gayyaci mai unguwa da kansila, a buga takardar yabo a sa a gilashi, a kira mutum ya fito a tafa masa. Muka yanke kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa duk Juma'a har zuwa azumi, telan ne ma'aji, ni ne mai rubutu.

Da muka zo rubuta sunaye sai aka fara lissafo alhazan da suka gina burtsatse da wanda ya sa wa masallaci sola. Allah ya saka musu, aikinsu babba ne, musamman a garin da yara suka tashi ba su san famfo da ruwa kullum ba. Amma su an riga an gode musu, sunan wani ma na rubuce a jikin tanki. Mai gyaran waya ne ya ce mu sa ƙa'ida: ban da wanda sunansa ke jikin bango, ban da mai riƙe da muƙami ko mai neman muƙami, ban da 'yan gidanmu mu takwas. Da aka sa ƙa'idar sai takardata ta koma kusan fara. Mu maza takwas da aka haifa a unguwar, muka zauna muna kallon juna, sunaye uku kacal muka iya kawowa.

Mata ne suka fitar da mu. Innarmu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita, don haka ɗakinta ya zama matattarar masu zuwa gaisuwa. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mata abin da muke ciki. Ta ce, "Ai ku maza ba ku san kowa ba sai wanda ya yi magana a masallaci. Bar mini takardar." Cikin mako biyu matata ta rubuto mini abin da matan suka faɗa, shafi biyu cif. Akwai tsohuwar da ke wankan gawar mata, wadda a da ita ce ungozomar rabin unguwar, kuma ko tsakar dare aka aika mata sai ta yafa mayafi ta fito. Akwai mai ƙosai da ba ta taɓa kwashe kaskon ƙarshe ta sayar ba, na almajirai ne. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta fi shekara talatin a cikinmu, kowa Mama yake ce mata. Tsofaffi na zuwa ta auna musu hawan jini, mai jego ta duba mata cibiyar jariri, in abin ya fi ƙarfinta ta ce maza a tafi Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, wani lokaci ma ta raka. Akwai wani mai ga-ruwa. Akwai mai shayin bakin masallaci. Yawancinsu ina wuce su kullum.

Ba mu ɗauki maganar haka kawai ba, domin unguwa ba ta rasa son kai, kowa na da nasa. Muka raba sunayen, kowa ya je ya gani da idonsa ba tare da ya ce komai ba. Ni aka ba mai ga-ruwa. An ce akwai wata makauniya da mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba sa kusa, shi ke kai mata ruwa. Kwana uku ina fitowa bayan Asuba in zauna a kan dakalin da ke kallon gidan, carbi a hannu. Yakan turo kurarsa da jarkoki goma sha biyu, tayar hagu ta lotse tana ƙara, sai ya dafe da ƙirji kafin ta haye kwalbati. In ya zo ƙofar sai ya sa dutse ya tare tayar, ya sauke jarka biyu, ya yi sallama sau ɗaya, ya shiga da su har bakin randa ya juye, ya fito yana goge hannu a riga. Ba ya jiran a amsa. A rana ta uku na ji muryar tsohuwar daga ciki tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," shi kuwa har ya kai bakin lungu. Mutumin nan baƙo ne, ci-rani ya kawo shi, a shagon wani yake kwana. Jarka biyu a kura guda kuɗin abincinsa ne na safe.

Muka tsayar da mutum tara. Muka je wajen mai unguwa, muka zube muka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu." Ya sa albarka, ya ce zai zo da kansa. Saura gayyatar waɗanda za a karrama, kuma a nan ne duk tsarinmu ya rushe.

Mai shayi muka fara tunkara, ni da telan. Abin da ya sa sunansa ya shiga shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka ɓace, mutum na da kuɗi a banki amma ya kwana da yunwa, layi a wajen masu POS kamar na zaɓe. A watannin nan bai kori kowa daga teburinsa ba. Ya buɗe littafi yana rubutawa, magidanta na aiko yara da kofi a zuba musu shayi a haɗa da burodi. Da kuɗi suka dawo wasu suka biya, waɗanda ya ga ba su da hali kuwa ya yage shafinsu ya sa a murhu. Matan da aka yafe wa mazajensu ne suka faɗa a ɗakin Inna. Muka yi masa bayani yana fifita gawayi, bai ɗago ba har muka gama. Sannan ya ajiye maficin ya ce, "Malam, so kuke ku ƙone mini ɗan abin da nake sa rai da shi? To bar ma wannan. In kuka tsayar da ni a gaban jama'a kuka ce na yafe bashi, me mutane za su yi? Waige-waige za su fara, suna neman wa aka yafe wa. Mutumin da ya ci burodina a ɓoye, ku za ku tona masa asiri da lasifika?"

Ban sami abin cewa ba, domin ko kusa tunanina bai kai nan ba. Ni ina kallon mai bayarwa ne kawai, na manta kowane alheri da muka rubuta akwai wanda aka rufa wa asiri a ƙarƙashinsa. In an yabi mai ga-ruwa a fili, an sanar wa duniya cewa 'ya'yan makauniyar nan sun bar ta ba ruwa. Tsohuwa mai wankan gawa da aka aika mata matata, cewa ta yi, "Ni da nake jiran ranar da za a wanke ni, me zan yi da tafi?" Mama ta yi dariya ta ce ita aikinta ne da ta koya, ba ta ga abin taro a ciki ba. Cikin tara, mutum biyu ne kawai suka ce za su zo, su ma da ka gani kunya ce ta hana su ƙi.

Muka koma majalisa rai a jagule, har gardama ta tashi. Ɗaya malamin makarantar ya dage cewa a yi taron ko ba su zo ba, a ɗauki hotuna a sa a Facebook. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce yaran da yake koyarwa ba su ganin ana girmama kowa sai mai kuɗi da mai mulki, to ta ina za su san cewa turin kura da amana abin alfahari ne? Ya kawo misalin Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu: kowa ya san Babban Gwani Muhammadu Durugu, amma waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗauki tubali a ka, ko mutum ɗaya ba a riƙe sunansa ba. Ya ce haka za mu bar namu su shuɗe? Na ji maganarsa har cikin raina, kuma har yanzu ban ce ya yi kuskure ba.

Liman muka kai wa ƙara. Bayan sallar La'asar muka same shi a zaure, na ce, "Allah ya gafarta Malam, mun so yin abin kirki ne ya cije." Ya saurare mu duka, har mai maganar hotuna. Ya ce godiya ga mutane wajibi ce a kanmu, domin ya tabbata a hadisi cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ya ce su ma masu ƙin fitowa suna da madogara, tunda cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Sannan ya ba mu labarin matar da ke share masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya taka ya je ya yi mata salla. Liman ya dube mu ya ce, "Kun ga shi ne ya lura ba ta nan, kuma shi ne ya taka. Ku me ya hana ku takawa?"

A nan muka sauya komai. Aka soke rumfa da kujeru da lasifika, aka fasa buga takarda. Muka koma wa mai unguwa muka ba shi haƙuri, ya ce hakan ma ya fi. Muka yarda za mu riƙa zuwa mu biyu ko uku, ba ayari ba, ba waya a hannu. Wajen mata kuwa matanmu ne za su shiga. Kuma kafin a sayi komai sai an binciko abin da zai rage wa mutum wahalar aikin da yake yi, ba abin da mu muke ganin ya dace ba. Don a share wa malamin makaranta hawaye, liman ya ɗauki alkawarin zai ambaci ayyukan a wajen tafsiri ba tare da suna ko kwatance ba, kuma ya cika.

Azumi ya kama a watan Maris, ga zafi ga tsadar abinci, kuɗin da muka tara ba su taka kara sun karya ba. Muka shiga kasuwar Sabon Gari da su a goman tsakiya. Mai ga-ruwa tayoyi biyu muka saya masa, muka kai kurar wajen mai walda aka ɗaure inda ta tsage. Da muka ce mun ga abin da yake yi wa tsohuwar, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana da uwa a gida kamarta, yana fatan wani na ɗebo mata. Mama na'urar awon jininta ta tsufa, aka sayo sabuwa da batura. Matata ta ce da ta buɗe kwalin sai ta rungume su ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Tsohuwa mai wanka aka kai mata turmin atamfa da sabulu da turare da tocila mai caji, saboda fitar dare. Ita tocilar ta fi yi wa murna. Mai Keke muka cika masa tanki, ya yi ta ƙi sai da telan ya ce ba nasa ba ne, na mara lafiyan da zai ɗauka gaba ne. Mai shayi bai karɓi komai ba. Muka zauna a bencinsa bayan tarawihi muka ce, "Jazakallahu khairan, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa na wasu." Ya amsa da amin sau uku, ya haɗa mana shayi, ya kuma bari muka biya.

Dattijon maƙabarta na bar wa kaina, na ce ni kaɗai zan je. Na same shi da hantsi a gindin wata bishiyar darbejiya, yana ɗaure ƙotar shebur da tsohuwar roba. Na gaishe shi na tsuguna, na ce, "Baba, ba ku gane ni ba. Ku kuka haƙa kabarin mahaifina a watan sanyi." Ya tambayi ranar da unguwar, na faɗa. Bai yi dogon tunani ba ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka ratsa tsakanin kaburbura, yana taka gefe-gefe yadda ba zai hau kan kowa ba, har ya tsaya a kan wani ya ce, "Ga shi nan. Dogo ne, sai da na ƙara taƙi guda a kan karan." Ni da nake ɗan cikinsa da ƙyar zan iya nuna wurin a cikin sababbin da suka kewaye shi. Na ga an ƙara ƙasa a gefen da ya fara zaftarewa, an jera duwatsu. Na tambaya, ya ce kafin damina yakan bi su ne ya gyara, don in ruwa ya sauka ba a san wanda zai buɗe ba.

Na yi wa Baba addu'a, sannan na juyo na faɗa wa dattijon abin da ya kawo ni, har da cewa ranar ban yi masa sannu ba kuma abin ya tsaya mini. Ya ce, "Yaro, wanda ya kawo ubansa nan ba ya ganin kowa. Ban riƙe ka ba." Na ce to me zai sauƙaƙa masa aiki? Ya nuna mini digar, bakinta ya cinye ya koma kamar cokali. Ya ce baro ma babu, a kwano suke kwasar ƙasa shi da yaran da ke taya shi. Bai ambaci abinci ko tufafi ba, ko da yake rigar jikinsa ta mutu a kafaɗa. Washegari muka kawo diga biyu da shebur biyu da baro, telan kuma ya ɗinka masa riga da wando na Sallah daga aljihunsa. Ya juya digar a hannu, ya gwada nauyinta, ya sara ƙasa sau ɗaya, ya gyaɗa kai.

Da za mu tafi ya kira ni gefe ya nuna mini inda katanga ta faɗi ta gabas, awaki na shigowa suna tattaka kaburbura. Ya ce ya gaya wa mutane da yawa, kowa sai ya ce za a duba. Ya ce in da gaske muke, mu bar kawo masa kaya, mu zo da hannuwanmu.

Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah muka je mu goma sha ɗaya, domin labari ya ɗan fita duk da ɓoyon da muka yi. Mai ga-ruwa ya turo kura biyu na ruwan kwaɓi a kan sababbin tayoyinsa, mai Keke ya yi sawu uku da bulo. Dattijon na tsaye da igiyar awo yana nuna wa malamin makaranta inda zai ja layi, kafin Azahar mun tayar da sahu huɗu.